Abin da Kawu Mai Agogo Yake Ci

Kawuna gyaran agogo yake yi. Shekara arba'in da ɗoriya yana zaune a wuri ɗaya, a ƙarƙashin barandar wani kantin yadi, bayan ɗan teburi mai gilashi wanda mutum ɗaya zai iya ɗauka a ka. Duk layin Mai Agogo suke ce masa, har yaran da ya yi jika da su. Ni da ƙannena ne muke ce masa Kawu. Ummanmu kuwa Yaya take ce masa, don shi take bi.

Gajere ne siriri, ga tsokana. In ka kawo masa agogo sai ya kara a kunne, ya lumshe ido, ya ce, "Wannan ai ba lalacewa ya yi ba, gajiya ya yi da kai." Yana da wani gilashi na ido ɗaya da yake maƙalawa in zai yi aiki, sai fuskarsa ta karkace kamar mai hararar mutane. Hannunsa ba ya rawa ko kaɗan. Da hantsaki yake ɗauko sukurun da ni sai na ƙura ido nake ganinsa. Da waya ta shigo mutane suka rage ɗaura agogo, abokan sana'arsa suka watse, yawancinsu suka koma gyaran waya. Shi ya ƙi. Ya ce ya tsufa da komawa aji ɗaya. Aikin nasa ya koma sauya batir da madauri, sai jefi-jefi wani dattijo ya kawo agogon mahaifinsa a naɗe cikin hankici, ranar nan sai ka ga Kawu yana ta fara'a kamar an yi masa kyauta.

Allah bai ba su haihuwa ba shi da matarsa, wadda muke kira Anti. Kullum ƙarfe ɗaya na rana sai ka hango ta tafe da kwanon nan mai hawa uku. Ƙasa abinci, tsakiya miya, sama kuma ɗanyen abu duk wanda kasuwa ta kawo: lemu a ɓare, gwaba, yankakken tumatir da kabeji. Za ta ja benci ta zauna, tana ba shi labarin maƙwabta, ba za ta tashi ba sai ya cinye. Kawu har alfahari yake yi cewa ko ƙwai bai iya dafawa ba.

Shekarar da na shiga makarantar koyon aikin jinya Anti ta rasu, bayan ɗan gajeren ciwo. Umma ta yi ta yi da shi ya dawo gidanmu da zama, ya ce shi ba kayan ajiya ba ne. Sai ta ɗauki nauyin abincin ranarsa. Kullum za ta zuba a kula, maƙwabcinmu direba ya biya ya ajiye masa, da yamma ya dawo da kular a wanke tas. Umma ta duba ta ce, "Madalla, Yaya dai bakinsa a buɗe yake." Hankalin kowa ya kwanta.

A shekarata ta biyu aka fara mana darasin abinci da gina jiki. Gaskiya mun raina darasin nan. Mu allura muke so, da ƙarin ruwa, da ɗinkin rauni, abin da za ka koma gida ka ba da labari. Malamar da take koyar da mu dattijuwa ce, ta daɗe tana aiki a ɗakunan marasa lafiya kafin ta dawo aji, kuma ta san mun raina. Ta cika mana allo da jadawali: abincin da ke ba da ƙarfi, wanda ke gina tsoka, maiƙo, bitamin kala-kala, sinadarai. Muka haddace kamar waƙa. Rashin sinadarin ƙarfe, ƙarancin jini. Rashin aidin, maƙoƙo. Rashin bitamin A, dundumi. Rashin bitamin D, ƙafafun yaro su lanƙwashe. Da ta zo kan bitamin C ta nuna mana hoton wani baki mai kumburarren dasashi, ta ce ciwon sunansa sikabi, kuma matuƙan jiragen ruwa na dā ya fi kamawa, saboda sukan yi watanni ba su ga ɗanyen abu ba.

"Wannan ku riƙe shi don jarrabawa," in ji ta. "Ni duk zamana a asibiti sau ɗaya na gan shi."

Da za a yi hutu ta ba mu aiki. Kowa ya zaɓi babban mutum ɗaya, ya zauna da shi kwana uku, ya rubuta duk abin da ya shiga bakinsa, sannan ya fitar da abin da ke cikin abincin gida-gida.

"Ban ce ku tambaya ba," ta ce, tana nuna mu da alli. "Ku gani da idonku. Mutum zai faɗa miki sirrin aurensa, amma ya ɓoye miki abin da ya ci jiya."

Ni na zaɓi Kawu, kuma lalaci ne ya sa. Mutum ne da yake zaune wuri ɗaya, abincinsa daga tukunyarmu yake fita, rabin aikin a gama yake.

Ranar farko na isa da safe da littafina, kular abinci a hannuna don na ce wa direba ya huta. Wata huɗu rabona da Kawu. Da na hango shi sai da na rage tafiya. Ana zafin nan, shi kuwa da riga mai dogon hannu ya ɓalle har wuya, da safa a ƙafa. Ya miƙe ƙafa ɗaya a kan wani katako. Ya rame, fatarsa ta dushe.

"A'a, likitan gobe!" ya ce. "An zo a yi min allura ne?"

Ya yi dariya, amma sai ya sa tafin hannu ya rufe baki, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Na gaishe shi, na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ce to, in rubuta da kyau, kada in ja masa faɗuwa jarrabawa da tsufansa.

Mai shayin layin ya kawo masa kofi da burodi. Ya gutsuttsura burodin a cikin shayin, ya bari ya jiƙa sharaf, sannan ya sha da cokali. Na rubuta. Ina zaune na lura da aljihun teburinsa na ƙasa. Tun ina yarinya cike yake da agogunan da aka kawo gyara aka manta da su, wasu sun fi ni shekaru. Yanzu saura uku kacal.

"Kawu, ina agogunan nan?"

"Na gyara na nemo masu su na mayar musu. Kayan mutane ne, zaman me suke yi a wurina?"

Da rana ya buɗe kular. Shinkafa ce da miya, Umma ta yanka kabeji da tumatir a gefe. Ya shaƙi ƙamshi, ya yaba hannun ƙanwarsa, ya ɗebi farar shinkafa cokali biyu. Sai ya ce bari ya huce, ya aike ni can ƙarshen layi in sayo masa batir na agogon bango. Da na dawo kular a wanke take an kife ta. Na rubuta: shinkafa da miya da ganye, kwano ɗaya cif.

Kashegari ma haka aka yi, aiken ne kawai ya sauya. Sai dai ban yi nisa ba na tuna na bar jakata a kan benci. Ina dawowa na tarar da kular a cinyar maƙwabcinsa mai gyaran takalma, wani ƙaton mutum mai fara'a da suka shekara ashirin suna zaune kusa da juna. Ya cika baki, cokali a sama. Muka kalli juna. Ya rasa yadda zai yi, ya haɗiye ko ya gaishe ni.

"Wallahi 'yata ba roƙa na yi ba," ya ce da ya samu ya haɗiye. "Shi yake tura min. Na ce masa, Mai Agogo, ka ji tsoron Allah, ya ce in ban ci ba zubarwa zai yi."

"Tun yaushe?"

Ya kalli Kawu, Kawu ya kalli agogon da ke gabansa.

"To... zai yi wata bakwai."

Na juya wajen Kawu raina a ɓace. Ya ce in kwantar da hankalina. Wai bayan rasuwar Anti cikinsa ya riƙa yi masa zafi, wani mai kantin magani ya ce masa gyambon ciki ne, ya guji duk abu mai tsami da mai yaji: lemu, tumatir, barkono, miyar ma gaba ɗaya. Daga baya kuma tauna ta fara yi masa wuya. Shayi da burodi ba su taɓa ba shi matsala ba.

"Ina ƙoshi kuwa," ya ce. "Burodi biyu nake tashi da su a rana. Ki rubuta haka, kada malamarku ta ce rowa nake yi wa kaina."

Na soke abin da na rubuta jiya. Na ce masa gobe tun daga gida zan fara.

Da sassafe na je gidan nasa, ɗaki biyu da ɗan kicin a bayan wani gida na haya. Komai a share, komai a wurinsa, yadda Anti ta bari. Na shiga kicin ɗin. Tukwanenta a kife, ƙura ta kwanta a kansu. A kan kanta akwai ganyen shayi, sukari, fakitin biskit, shi ke nan. A bakin famfo na ga wani tsumma fari, duk ɗigon jini, wani ya bushe wani sabo.

Na fito na same shi a kan kujera 'yar tsugune yana wanke ƙafa, ya naɗe wando har gwiwa, bai ji fitowata ba. Ƙwaurinsa duk wasu manyan tabo ne baƙi-baƙi, kamar wanda aka yi wa duka da sanda. Tsakaninsu ƙananan jajayen ɗigo birjik, kowane a gindin gashi, gashin kuma ya nannaɗe kamar ɗan sifirin ɗin cikin agogo. Gwiwarsa ta kumbura. A yatsansa akwai yanka da ya ce min jiya na kwana biyu ne, amma da gani ya kwana ashirin bai kame ba.

Ya ɗago ya gan ni. Bai yi ƙoƙarin rufewa ba.

"Zo ki zauna," ya ce. "Dama ke ce ya kamata ki sani, tunda aikinku ne."

Ya tuna min da amininsa mai ɗaukar hoto, wanda ya rasu shekara shida da suka wuce. Na san shi, shi ya ɗauke ni hoton shiga sakandare. Kawu ne ya yi jinyarsa a asibiti wata uku. Kansar jini ce ta kashe shi.

"Haka nasa ya fara," ya ce. "Gajiya, tabo a jiki, jini a baki. Ba abin da ban gani ba. Suka yi ta sukarsa da allura, gashinsa ya zube, ƙarshe dai aka tafi. Ni ba zan kwanta a gadon nan ba. Na sallami kayan mutane, na ce wa Mai Takalma teburin nasa ne bayan raina. Saura in zauna in jira." Ya buɗe baki ya nuna min. Dasashin ya kumbura ya yi ja-baƙi har ya hau kan haƙora, biyu na gaba suna girgiɗi. "Abu ɗaya nake roƙon ki. Kada ki gaya wa uwarki. Kin san ta da kuka."

Ni na fara kukan. Na yarda da maganarsa ɗari bisa ɗari, don abin da ya lissafa duk yana cikin littafinmu a babin kansa. Shi ya koma yana lallashina, yana cewa wace irin nas ce wannan da mara lafiya zai riƙa ba ta haƙuri.

Bayan la'asar na koma gida, na shige ɗaki don kada Umma ta ga idona. Ba don son karatu na ɗauko aikin Malama ba, don in samu abin da zan riƙe ne. Na ja layuka na fara cikewa. Gidan abinci mai ba da ƙarfi ya cika. Gidan mai gina tsoka kaɗan-kaɗan. Da na zo gidan bitamin C na rubuta babu a ranar farko. Babu a ta biyu. Babu a ta uku. Na tsaya ina kallon babu ukun nan, sai na tuna ba kwana uku ba ne, wata bakwai ne. Hoton bakin nan da Malama ta nuna mana ya faɗo min a rai. Na janyo littafin. Tabo a ƙafa. Ɗigon jini a gindin gashi. Gashi mai nannaɗewa. Rauni mai ƙin warkewa. Ciwon gaɓoɓi.

Ban yarda da kaina ba. 'Yar aji biyu, duk ciwon da ta karanta sai ta gan shi a jikin wani. A watan jiya ma na ce wa ƙanwata tana da maƙoƙo, ashe ƙiba ce. Na nemo lambar Malama wajen shugabar ajinmu, na kira ta, na rattaba mata komai ba ko numfashi.

Da na gama ta ce, "Gashin da kika ce, da idonki kika gani?"

"Da idona, Malama."

"To saurara. Ke ba likita ba ce, ni ma haka. Abin da yake tsoro yana iya zama gaskiya, don ciwukan biyu suna kama da juna a ido. Jini ne kawai zai raba gardama. Kada ki yi masa alkawarin komai. Ki kai shi asibiti gobe, kuma ki tafi da takardar nan taki, ki miƙa wa likita da hannunki."

Na san ni kaɗai ba zan iya ɗaga Kawu ba. Na fita na sami Umma a kicin, na karya alkawarin da na yi masa.

Ba ta yi kukan da yake tsoro ba. Ta kashe murhu, ta zauna, ta sa na maimaita mata tun daga farko. Washegari kafin ya iso ta riga shi zuwa barandar, ta zauna daram a kan kujerarsa ta aiki. Ya zo yana ɗingishi, ya gan ta, ya juyo ya kalle ni.

"Yaya, ina kwana," ta ce. "Ashe wata bakwai Mai Takalma nake yi wa girki?"

Mai Takalma ya sunkuyar da kai, ya duƙufa kan wani takalmi da ba abin da ya same shi.

"Tashi min daga kujera," in ji Kawu.

"Ba inda za ni. Ko mu tafi asibiti yanzu, ko in zauna nan in riƙa karɓar agogunan mutane ina buɗewa da wuƙa."

"Ke ba ki san abin da ake ciki ba."

"Na sani sarai. In mutuwar ce, ai ba a kanka aka fara ba, amma sai likita ya faɗa min da bakinsa. Ba kai ba, mai gyaran agogo. Kai kaɗai ka rage min, Yaya. Haka za ka yi min, ka lallaɓa ka tafi ina nan ina murnar kula a wanke?"

A nan muryarta ta karye. Sai Kawu ya juya ya ce wa Mai Takalma ya kula masa da teburi.

Likitar da ta gan mu matashiya ce, ba ta fi ni da shekaru masu yawa ba. Ta saurari Kawu, ta duba bakinsa da 'yar fitila, ta danna tabon ƙafarsa. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Na miƙa mata takardata ina jin kunya, duk soke-soke. Ta karanta, ta sake karantawa, ta koma ta durƙusa tana kallon gashin ƙwaurinsa. Sai ta ce a ɗebi jini, mu jira sakamako.

Awa huɗu muka yi a kan benci. Kawu ya cire hularsa yana ta juya ta a hannu. Umma tana ta jan bakin mayafinta. Ni kuwa sai addu'a nake kada ya zama na ɗaga wa tsoho rai a banza.

Da aka kira mu, likitar ba ta tsaya kewaye-kewaye ba.

"Baba, ba kansa ba ce. Ƙwayoyin jinin da muke dubawa don ita duk lafiyarsu ƙalau. Jininka ya ɗan yi ƙasa, shi ke nan."

Umma ta dafe ƙirji ta sulale kan kujera. Kawu ya tsaya yana kallon likitar kamar ta yi masa magana da wani yare.

"Ki sake dubawa, 'yata. Ko takardar wani ce."

"Taka ce, Baba. Sau biyu na duba."

"To mene ne?"

"Yunwa ce."

"Yunwa? Ni? Burodi biyu fa nake ci a rana!"

Likitar ta yi murmushi, ta jawo kujera kusa da shi. Ta ce cikinsa yana cika, amma akwai abu ɗaya da jiki ba ya iya yi wa kansa, kuma ba ya ajiye shi da yawa, sai an riƙa ba shi a kai a kai. Shi ne yake riƙe da fata da dasashi da ƙananan jijiyoyin jini, kamar gam. In ya ƙare sai su saki, jini ya riƙa tsattsafowa. Yana cikin lemu, da gwaba, da tumatir, da tattasai, da ganye in ba a dafa shi ya mutu ba. Duk abin da aka ce masa ya guje wa.

Can Kawu ya ce, a hankali, "Wato lemu ne ya so ya kashe ni."

"Rashinsa dai, Baba."

Sai Umma ta fashe da dariya, hawaye yana zuba, tana dukan cinyarta tana cewa, "Kai Yaya! Kai Yaya!" Shi ma kafaɗarsa ta fara rawa. Na ɗauka dariya yake yi, sai na ga ya rufe fuska da hular da ya cire. Muka ƙyale shi. Likitar ta fita ta ba mu wuri, ta dawo da abokan aikinta biyu, ta nemi izininsa su ga ƙafar, don ba su taɓa gani ba sai a littafi. Ya share fuska ya naɗe wando, ya ce su kalla da kyau, ba kullum ake samun irinsa ba.

Maganin da aka ba shi wasu 'yan ƙwayoyi ne farare, sai na ƙarin jini. Ya juya su a tafin hannu ya ce shi dai bai ga alamar waɗannan za su iya da shi ba. Aka kuma duba cikin nasa, likitar ta ce ba ta ga dalilin da zai hana shi cin miya ba. Wannan karon bai yi gardamar zuwa gidanmu ba.

Kwana uku kacal, da safe muka ji shi a tsakar gida yana yi wa ƙannena faɗa wai agogon falonmu ya yi latti da minti huɗu, kuma a haka muke rayuwa. Umma ta leƙo daga kicin ta kalle ni, ta ɗaga hannu sama. Cikin sati biyu jinin bakin ya tsaya, dasashin ya saɓe. Tabon ƙafar suka riƙa sauya kala suna dushewa har suka ɓace. Yankan yatsan ya kame. Haƙoran gaba biyun nan ne kawai ba su tsira ba, sai da aka cire aka sa masa na roba, ya yi wata guda yana yi wa duk wanda ya zo murmushi ko ba dalili.

Wata rana da hantsi muna zaune ina ɓare masa lemu, ya ce, "Kin san wani abu? Maganar mai kantin maganin nan, ban wani yarda da ita can ba. Samun dalili na yi."

Na dube shi.

"Shekara talatin da takwas ban taɓa buɗe kwano ni kaɗai ba. In na buɗe na uwarki, sai in ga bencin nan ba kowa. Sai abincin ya tsaya min a nan." Ya taɓa maƙogwaro. "Shayi kuwa ba ya bukatar abokin ci." Ya karɓi lemun ya juya shi. "Ni duk zatona don Antinki tana so ne take sa waɗannan a saman kwano. Ashe aiki take yi."

Na gaya wa Umma. Daga ranar da ya koma bakin aiki ta sayi babbar kula, ta riƙa zuba na mutum biyu da cokali biyu. Ta je da kanta ta ce wa Mai Takalma sharaɗi ɗaya ne: tare za su ci, kuma ganyen da lemun rabin Yaya ne, in Yaya ya ƙi ci ya kira ta a waya. Mai Takalma ya ce wannan aikin ya fi ɗinkin takalmi sauƙi. Ya kuma amsa laifinsa cewa har ya auna teburin da igiya, ya ga inda zai sa shi. Kawu ya ce ya ajiye igiyar, zai daɗe yana jira. Ya daɗe ɗin kuwa, don Kawu ya ƙara shekara goma sha ɗaya a bayan teburin nan.

Da muka koma makaranta Malama ta roƙe shi ya zo ajinmu. Ya zo cikin kayansa masu kyau, ya tsaya gaban ɗalibai sittin ya ba da labarinsa, ya ƙara gishiri inda ya ga dama, har ya ce likitoci bakwai ne suka taru a kansa. Wata ɗaliba ta tambaye shi me ya sa bai gaya wa kowa abin da yake ci ba. Ya ce, "Wa ya tambaye ni? Kowa cewa yake, ya jiki. Ni kuma in ce da sauƙi." Malama ta sa muka rubuta wannan a littafi.

A hutun da ya biyo baya ya zo gidanmu wata Asabar da leda cike da tumatir da albasa, ya ce wa Umma ta koya masa girki, don kada wata rana ta yi tafiya ya koma gidan jiya. Yana da shekara sittin da takwas a lokacin. Ta ba shi wuƙa da faranti ta ce ya fara da yanka. Ya zauna, ya gyara zama, ya jera tumatir ɗin daga babba zuwa ƙarami, ya shiga yankawa sala-sala, kowane yanki daidai da ɗan'uwansa, in ɗaya ya fi kauri sai ya ware shi gefe. Shinkafa ta dahu, ta huce, yana kan na uku. Umma ta gaji ta ƙwace wuƙar, ta ce ya tashi ya ba ta wuri kafin yunwa ta kashe mata yara. Ya fito yana mita wai ba a san aikin hankali ba a gidan nan, ya zauna cikinmu, aka zubo masa nasa, ya cinye har ya nemi ƙari.